Cinikin Biri a Sama

Duk wadda ta taɓa riƙe kuɗin cefane ta san ƙa'idar sayayya. In shinkafa ce sai ki damƙa ki duba tsakuwa, in atamfa ce ki murza bakinta ki ji ko sitaci ne ya yi mata yawa, in kuwa tukunya ce ki ƙwanƙwasa ki ji ko ta tsage. To, yau tarihin wata kasuwa zan ba ku, inda manyan attajiran duniya suke zube miliyoyin daloli a kan abin da ba su da halin gwadawa. Kasuwar duƙusan sukuwa ce ta garin Leksinton, a jihar Kentaki ta ƙasar Amurka. Dokin da ake gwanjonsa a can shekararsa ɗaya da 'yan watanni, ba a taɓa ɗora masa sirdi ba, balle wani ya ce ya ga gudunsa. Abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama ke nan, sai dai shi wannan birin an ajiye masa littafin asali.

Bari mu fara daga tushe. Dawakin da ake wannan ciniki a kansu wani iri ne na musamman da Turawan Ingila suka samar don tsere kawai. Dukkansu, ta wajen uba, suna komawa ne ga ingarmu uku da aka shigo da su Ingila daga ƙasashen gabas, aka haɗa su da goɗiyoyin ƙasar. Na farko shi ne Byerley Turk, wajen shekarun 1680. Na biyu Darley Arabian, wanda aka sayo a garin Halab na Siriya a 1704. Na uku Godolphin Arabian, wanda ya iso wajen 1730. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na irin nan jikokin Darley Arabian ne. A 1791 wani mutum mai suna James Weatherby ya fara buga littafin da ake rubuta asalin kowane doki, wane ya haifi wane, kuma har gobe dokin da iyayensa ba sa cikin irin wannan littafi ba ya shiga dangi, ko da kuwa ya fi iska gudu. Hujjarsu ita ce tamu: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai wata doka tasu da ya kamata ki riƙe. A Amurka da Turai, duk dokin irin nan ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi. Ke nan wanda aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a ƙarshen Mayu sa'o'in juna ne a takarda, alhali ɗaya ya girme wa ɗaya da wata uku. Shi ya sa masu kiwo suke kunna wa goɗiyoyi fitila a barga da hunturu, jikinsu ya ɗauka bazara ta zo, su karɓi ingarma da wuri. Cikin goɗiya wata 11 ne, don haka kowa so yake tasa ta haihu a farkon shekara, ɗanta ya je kasuwa da girmansa.

Jihar Kentaki ta daɗe da yin suna wajen kiwon doki, saboda ƙasarta mai farar ƙasa ce a ƙarƙashi, ciyawarta tana gina ƙashi. Amma a da ba a nan ake sayar da manyan duƙusai ba. Loda su ake yi a jirgin ƙasa duk watan Agusta a kai su garin Saratoga na jihar Niyok, inda masu kuɗi ke zuwa hutu da kallon sukuwa. Wani kamfanin dillalai mai suna Fasig-Tipton, wanda aka kafa a 1898, shi ke gudanar da gwanjon can. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta taƙaita amfani da jiragen ƙasa saboda jigilar soja da kayan yaƙi. A 1943 masu kiwo suka rasa yadda za su yi da duƙusansu, sai aka kafa tanti a filin sukuwa na Keeneland, wanda aka buɗe a 1936 a gefen Leksinton, aka yi gwanjon a gida.

A wannan gwanjo na cikin tanti wani ɗan kwangilar gina hanyoyi, Fred Hooper, ya sayi wani duƙushi a kan dala 10,200, ya sa masa suna Hoop Jr. Shi ne dokin irin nan na farko da ya taɓa mallaka. A 1945 dokin ya cinye Kentucky Derby, tseren da ya fi kowanne suna a Amurka. Labari ya bazu. Mutanen Kentaki kuwa da suka ga ciniki ya yi kyau a ƙofar gida, sai suka kafa nasu kamfanin gwanjo, wanda daga baya ya haɗe da Keeneland. Kun ga yadda matsi ya haifi kasuwa.

Yanzu bari in kwatanta muku yadda ake yi. Wata biyu ko uku kafin gwanjo, sai a kamo duƙushi daga makiyaya a shiga yi masa gyara, kai ka ce amarya ce za a kai ɗaki. A hana shi shiga rana don kada gashinsa ya koɗe, a yi ta goge shi, a gyara masa kofato, a koya masa tafiya da tsayuwa. In ya iso kasuwa sai a manna masa lamba a ƙugu, domin yawancinsu ko suna ba su da shi tukuna. Kowace lamba tana da shafi guda a kundin gwanjo. Abin da zai ba ki sha'awa, labarin uba 'yan layuka ne a sama, sauran shafin duk na uwa ne da kaka da kakar kaka: me ta ci, me 'ya'yanta suka ci. Sunan duk wanda ya ci babban tsere ana buga shi da baƙin rubutu mai kauri, shafin da ya fi baƙi shi ya fi tsada. Dalili kuwa, ingarma ɗaya yana iya samun 'ya'ya sama da 100 a shekara, goɗiya kuwa ɗa ɗaya take haifa, don haka ta wajen uwa ake bambance su.

Masu saye sukan kwana biyu suna zagaya barguna. A fito musu da doki, a taka da shi ya je ya dawo, su duba ƙafafu, su duba ƙirji, likitan dabbobi ya leƙa maƙogwaro. Iyakar gwajin ke nan. Ranar gwanjo a shigo da shi wani ɗan fili a gaban jama'a, mai gwanjo yana bisa karaga yana zuba lissafi kamar ana kiɗa, yaransa suna tsaye suna lura da wanda ya ɗaga gira ko ya gyaɗa kai. Mai doki ya riga ya gaya wa kamfani a asirce kuɗin da ba zai sallama ƙasa da shi ba. In tayi bai kai nan ba, albarka ke nan, ya ja abinsa ya koma gida. In ya kai, a buga guduma, kamfani ya cire la'adarsa. Duka-duka minti biyu ne ko uku, wahalar shekara biyu ta ƙare a nan.

Haukar farashin da ta sa kasuwar nan ta yi suna a duniya, wani ɗan guntun doki ne sanadinta. A 1961, ƙarshen watan Mayu, aka haifi wani duƙushi a gonar attajiri E. P. Taylor a ƙasar Kanada. Da aka fito da shi sayarwa a 1962 an sa masa dala 25,000, masu saye suka dube shi suka ga gajere ne, suka wuce. Ba wanda ya taya. Dole mai shi ya riƙe abinsa, ya sa masa suna Northern Dancer. A 1964 wannan da aka raina ya cinye Kentucky Derby cikin minti 2 cif, gudun da ba a taɓa yi ba a tseren kafin ranar. Da ya koma barbara kuma sai abin ya fi haka. Ɗansa Nijinsky ya je Turai ya cinye manyan tseren Ingila guda uku a 1970.

Wasu mutum uku suka lura da wannan: Robert Sangster, Bature ɗan Ingila wanda gidansu ya yi arziki da cacar ƙwallon ƙafa, da Vincent O'Brien, gwanin horar da dawaki na ƙasar Ailan, da surukinsa John Magnier. Dabararsu mai sauƙi ce. Su zo Keeneland su saye 'ya'yan Northern Dancer tun suna ƙanana, su kai su Turai su ci tsere, sannan su sayar da su a matsayin ingarmun barbara da ninkin ba ninkin. A 1975 suka sayi ɗaya a kan dala 200,000, suka kira shi The Minstrel. A 1977 ya ci Derby na Ingila, aka mayar da shi Amurka a kan kimar dala miliyan 9. Kun ga ashe ba kuɗin tsere ake hange ba, kuɗin barbara ne. Shi kansa Northern Dancer ya fara ne da dala 10,000 a kan kowace goɗiya, amma a tsakiyar shekarun 1980 sai da aka riƙa biyan har dala miliyan 1, ba tare da alkawarin ciki zai shiga ba.

To, gaba da gabanta. Ana cikin haka sai ga 'ya'yan gidan sarautar Dubai, Shaihu Muhammad bin Rashid Al Maktum da 'yan uwansa, sun shigo kasuwar da kuɗin mai. Daga nan duk watan Yuli sai ya zama ranar karon batta tsakanin ɓangarorin biyu. A 1982 duƙushi mafi tsada ya tashi a dala miliyan 4 da dubu 250. A Yulin 1983 aka shigo da wani ɗan Northern Dancer, Sangster ya taya, wakilin Shaihu ya ƙara, aka yi ta yi ba mai niyyar sunkuyawa, har aka kai dala miliyan 10 da dubu 200. Allon da ke nuna farashi ma gurbin lamba bakwai gare shi, ya kasa ɗaukar kuɗin. Shaihu ne ya yi nasara, aka sa wa dokin suna Snaafi Dancer, aka kai shi Ingila wajen mai horo John Dunlop.

'Yar uwa, kin san abin da ya biyo baya? Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Dokin nan ya zama ba shi da gudu ko kaɗan, har aka ga fitar da shi fili abin kunya ne. Bai taɓa shiga tsere ba ko sau ɗaya. Aka ce to a mayar da shi barbara ko jinin ubansa zai yi rana, nan ma aka tarar da ƙyar yake ba da ciki. 'Ya'ya huɗu kacal ya bari a duniya.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata goɗiya mai suna My Charmer da 'ya'yanta biyu. Ɗanta na fari an haife shi a 1974. Ubansa bai yi suna ba tukuna, ita ma uwar ba a san ta ba, ga shi kuma ƙafarsa ta gaba ɗaya ta ɗan karkace waje. Masu tantancewa na Keeneland ba su ɗauke shi a gwanjonsu na zaɓaɓɓu na Yuli ba. Sai aka kai shi ƙaramin gwanjon Fasig-Tipton a nan Leksinton a 1975. Wata mata, Karen Taylor, wadda ta taɓa aikin hidimar fasinja a jirgin sama, da mijinta Mickey mai sana'ar katako, tare da abokinsu likitan dabbobi Jim Hill, suka saye shi a kan dala 17,500. Suka sa masa suna Seattle Slew.

A 1977 dokin nan ya cinye manyan tseren Amurka uku da ake yi cikin mako biyar, wato Kentucky Derby da Preakness da Belmont. Shi ne na goma da ya taɓa haɗa su, kuma na farko da ya haɗa su ba a taɓa kayar da shi ba. A rayuwarsa ya fita sau 17 ya ci 14, ya tara sama da dala miliyan 1 da dubu 200, aka kuma yi masa kimar dala miliyan 12 da zai koma barbara. 'Ya'yansa da jikokinsa suka cika filayen sukuwa.

Shekara goma bayan wancan ciniki, a Yulin 1985, sai aka shigo da ƙaninsa zauren Keeneland. Uwa ɗaya, amma wannan karon uban shi ne Nijinsky. Yanzu kowa ya san My Charmer, shafinta ya yi baƙi ƙirin. Sangster da abokansa suka kara da wani Ba'amurke mai horo, D. Wayne Lukas, har aka buga guduma a kan dala miliyan 13 da dubu 100. Har yau ba a sake sayar da ɗan shekara ɗaya a gwanjo da wannan kuɗi ba. Ninkin kuɗin wansa ne fiye da sau 700. Sunansa Seattle Dancer. Ba za a ce masa rago ba, don ya fita sau 5 ya ci 2 a Ailan, amma ko ƙurar wansa bai hango ba. Nono ɗaya suka sha, kasuwa ta raina na farko, ta kuma biya kuɗin bajintarsa a kan na biyu.

Daga wannan shekara kasuwa ta juya. Manyan masu karon nan suka rage hamayya da juna, a 1986 kuma Amurka ta sauya dokar haraji, rangwamen da masu zuba kuɗi a dawaki ke samu ya ragu. Farashi ya yi ƙasa shekara bayan shekara. Su attajiran ƙetare ko a jikinsu, wanda ya sha wuya shi ne wanda ya ci bashin banki ya sayi goɗiya da tsada yana jiran ɗanta ya biya. Gonar Spendthrift, inda Seattle Slew ya fara barbara, ta sayar wa jama'a hannun jari a 1983, a 1988 ta durƙushe. Gonar Calumet, wadda dawakinta suka ci Kentucky Derby sau 8, bashi ya cinye ta a 1991, aka yi gwanjonta ita ma a 1992. Kada ki manta, bayan kowace gona akwai masu share barga, da masu yankan ciyawa, da masu kwana a zaune suna jiran goɗiya ta haihu, kowanne da iyalinsa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Ko a cikin wannan faɗuwa idon kasuwa bai gyaru ba. A 1987 aka kawo wani baƙin duƙushi mai karkatattun ƙafafun baya, tayi ya tsaya a dala 17,000, mai gonar, Arthur Hancock, ya mayar da shi gida. Sunday Silence ke nan, wanda ya ci Kentucky Derby a 1989. Da ya gama tsere ma masu kiwon Amurka ba su yi ɗokinsa ba, sai Japanawa suka saye shi. A can ya zama ingarman da 'ya'yansa suka fi na kowa ci, shekara 13 a jere, daga 1995 zuwa 2007.

A 2001 wata masifa ta sake auka wa Kentaki. Wata tsutsa mai gashi da ke yin gida a bishiyoyi ta yi yawa a makiyaya, goɗiyoyi suka riƙa haɗiyarta da ciyawa, dubbai suka yi ɓari. Duƙusai suka yi ƙaranci, ga shi dama masu sayarwa sun fara fifita watan Satumba don dokinsu ya ƙara girma. Gwanjon Yuli na 2002 shi ya zama na ƙarshe. Na Satumba ya gaje shi, ya zama mafi girma a duniya: kusan mako biyu ana yi, duƙusai wajen 4,000 a kundi, kuma a 2022 cinikin ya haura dala miliyan 400.

Wata za ta ce, to ai laifin rashin gwaji ne, a bari a ga gudun doki mana kafin a saya. An yi wannan dabarar. Akwai gwanjon 'yan shekara biyu, inda ake hawa doki ya yi ɗan gajeren gudu a gaban masu saye. A 2006, a jihar Fulorida, wani da aka saya dala 425,000 yana ɗan shekara ɗaya ya yi gudun mita 200 cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Mutanen Magnier da na Shaihu Muhammad suka sake karawa, ɓangaren Magnier ya ɗauka a kan dala miliyan 16. Sunan da suka sa masa The Green Monkey, wato koren biri. Kun ji fa, biri! Ya fita sau 3, bai ci ko ɗaya ba, abin da ya samo bai kai dala 11,000 ba.

Kada in yi wa kasuwar nan rashin adalci. Asali yana da rana, kuma in aka haɗa lissafi gaba ɗaya, masu tsada sun fi masu araha yawan ci. Fusaichi Pegasus, wanda wani Bajapane ya saya dala miliyan 4 a 1998, ya ci Kentucky Derby a 2000. Justify, na dala 500,000 a gwanjon Satumba na 2016, ya haɗa manyan tseren nan uku a 2018. Sai dai a tsakaninsu akwai I'll Have Another, wanda aka sallama a dala 11,000 a 2010, ya ci Derby a 2012. Takarda da kyan jiki suna ƙara wa mai saye dama, amma zuciyar doki da juriyarsa ba sa fitowa a kundi.

Akwai kuma abin da wannan ciniki ya jawo wa su dabbobin. Tunda ido ake sayar wa, sai wasu masu kiwo suka koma kiwon abin da ido ke so. Duƙushi mai karkatacciyar ƙafa a yi masa aiki tun yana jariri ta miƙe, wani a ba shi maganin ƙara tsoka ya yi ɓul-ɓul. Abin ya kai sai da kamfanonin gwanjo suka buɗe ɗaki na musamman inda ake ajiye hotunan ƙashin kowane doki don likitan mai saye ya duba, suka kuma ba mai saye damar a gwada jinin dokin, in an sami irin wannan magani ya mayar da shi. Duk inda aka ce kyan gani ne ke sa farashi, to za a sami mai shafe-shafe.

Ni dai abin da na fahimta daga tarihin nan na shekara 80 da ɗoriya shi ne, kuɗin da aka buga wa guduma labarin masu saye yake bayarwa: nawa ke aljihunsu, wa suke jin kunyar ya kayar da su a gaban jama'a, wane suna ne ake yayi a shekarar. Labarin dokin kuwa sai an je fili, bayan shekara ɗaya ko biyu. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, zauren gwanjo kuwa ba fili a cikinsa. Northern Dancer da ba a taya ba, da Seattle Slew da aka ƙi ɗauka, da Sunday Silence da aka mayar gida, jininsu ne ke gudana a manyan dawakin duniya a yau. Seattle Slew ya mutu ranar 7 ga Mayu, 2002, shekara 25 cif da ranar da ya ci Derby, kuma matar nan da ta saye shi da mijinta suna tare da shi har ƙarshe.